Dokar kamun salmon: a ƙirga wanda ya wuce kafin a jefa koma

A gaɓar kogin Kvichak da ke jihar Alaska ta Amurka, kusa da inda ya fito daga tafkin Iliamna, akwai wani aiki da ake yi daga ƙarshen watan Yuni zuwa Yuli wanda in aka ba mutum labarinsa sai ya zaci zolaya ce. An kafa wata hasumiya ta ƙarafa, irin wadda magina ke haɗawa idan za su yi shafen bene. Ma'aikaci zai hau can sama, sanye da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, riƙe da wani ɗan abin ƙirga a tafin hannunsa, ya zura wa kogin ido. Kifi ya gifta, ya danna. Wani ya gifta, ya danna. Minti goma a wannan gefe, minti goma a wancan, kowace awa, dare da rana, ana karɓa-karɓa. Abin da aka samu sai a ninka shi sau shida, a aika wa jami'in da ke kula da yankin.

Wannan adadi shi ke yanke hukuncin ko jirage sama da dubu da ke jira a mashigin Bristol, inda kogin ke shiga teku, za su jefa raga gobe ko za su ci gaba da zaman jira. Tun shekarun 1950 ake yin haka. Ni kuwa a wurina, cikin duk dokokin da ƙasashe suka shimfiɗa kan kamun salmon na kasuwanci da raga a bakin teku, babu wadda ta kai wannan hankali, duk da cewa ita ma tana da nata tabon, kuma zan zo kansa.

Sai an san halin kifin kafin a fahimci rigimar. Salmon a ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, a cikin tsakuwar ƙorama. Ya ɗan tasa sai ya gangara teku, ya yi shekara ɗaya, biyu ko uku yana kiwo, sannan ya juyo ya nufi ainihin kogin da aka haife shi don ya zuba ƙwai. Ba ya ɓata hanya sai nadiran. Saboda haka kifin kowane kogi zuri'a ce mai zaman kanta. Wani kogin zuri'arsa ta yi albarka, wani kuwa saura ƙiris ta ƙare. To amma a teku, a kan hanyar dawowa, duk tafiyarsu ɗaya, sun cakuɗe kamar garken fatake. Raga kuma ba ta tambayar kifi daga wane kogi yake. Masuncin da ya shimfiɗa ta a gaɓar teku, nesa da bakin kowane kogi, zai iya ɗebe ragowar iyayen wata ƙaramar ƙorama a dare ɗaya, bai ma san ya yi ba.

Shi ya sa nake goyon bayan a janye raga daga inda kifin ya cakuɗe, a kai ta bakin kogi inda aka san na wane ruwa ake kamawa, kuma kada a buɗe su sai an tabbatar isassun iyaye sun haura. Wanda ya san Argungu ba zai ji wannan baƙon tunani ba, don ai ruwan Matan Fada ma hana kamun kifi ake yi a cikinsa sai ranar da aka ba da izini. Bambancin shi ne a Alaska lissafi ne ke ba da izinin, kuma kullum ake sabunta shi.

Mutanen Alaska ba da wayo suka fara ba, wuya ce ta koya musu. Kafin yankin ya zama jiha, gwamnatin tarayya ce ke kula da kifin daga nesa, manyan kamfanonin kifin gwangwani kuma, waɗanda akasarin masu su ke zaune a biranen Seattle da San Francisco, sun kakkafa manyan tarkuna a kan hanyar kifin. Tarko ba ya barci, ba ya neman albashi. Aka yi ta kwasa har kifin ya ja baya, a 1953 Shugaba Eisenhower ya ayyana wasu sassan Alaska a matsayin inda bala'i ya afka wa saboda ƙarancinsa. A 1959, shekarar da Alaska ta zama jiha, abin da aka kama a faɗinta bai wuce kifi miliyan 25 ba, alhali a tsakiyar shekarun 1930 an haura miliyan 100. Ƙin jinin tarkunan nan na daga cikin abin da ya ingiza mutane neman jiha, kuma da samunta aka haramta su. Suka kuma rubuta a kundin tsarin mulkinsu cewa kifi da sauran albarkatun da ke sabunta kansu dole a ci su ta yadda ba za su ƙare ba. Ba dokar ma'aikata ba ce da wani kwamishina zai soke da alƙalami.

Yadda abin ke gudana a mashigin Bristol ya cancanci a tsaya a kansa. An raba shi gunduma biyar, kowace a bakin koguna: Naknek-Kvichak, Egegik, Ugashik, Nushagak da Togiak. Kowane babban kogi an yanka masa adadin jan salmon, wanda suke kira sockeye, da dole ya haura. Na Kvichak, alal misali, tsakanin miliyan 2 ne zuwa miliyan 10. Jami'in da ke wurin, wanda masanin kifi ne, yana da ikon buɗewa ko rufewa nan take, ba sai ya nemi sa hannun kowa daga babban birni ba. Yana duba lissafin hasumiya, da rahoton jirgin gwaji da ke jefa raga can wajen Port Moller kimanin mako guda kafin kifin ya iso, sai ya ba da sanarwa ta rediyo: gunduma kaza za ta yi su na awa kaza daga ƙarfe kaza. Idan lissafin ya yi ƙasa, ko da kifi na tsalle a gaban jirginka, hannunka a aljihu.

Kayan aikin ma an ƙayyade su. Jirgi ba zai wuce ƙafa 32 ba. Ragar da ake sakewa ruwa ya ja ta ba za ta wuce gaba 150 ba, wato kimanin mita 275, sai idan masu lasisi biyu sun haɗu a jirgi ɗaya, to an yarda musu gaba 200. Mai kafa raga daga gaɓa gaba 50 ne rabonsa. Wanda ya ga kasuwa ta fi ci a wata gunduma ya ce zai koma can, sai ya zauna awa 48 bai taɓa ruwa ba. Kafin 1951 ma inji haramun ne, da filafilai da iska ake fita. Da gangan aka rage wa masunci ƙarfi, don in aka bar kowa da iyakar abin da kuɗinsa zai iya saya, kwana nawa kifin zai yi?

Kada a ɗauka zaman lumana ake yi. A kan iyakar gundumar Egegik ta arewa, jirage kan yi cincirindo suna gogar juna, kowa na son ragarsa ta zama ta farko da kifi zai ci karo da ita, 'yan sandan ruwa kuma na shawagi suna neman wanda ya ƙetare layi. Idan an naɗo raga, da hannu ake cire kifin ɗaya bayan ɗaya daga inda zare ya maƙale masa a maƙoshi, cikin sanyi da rashin barci, mako huɗu zuwa shida. Amma sakamakon a bayyane yake. A 2022 kifi kusan miliyan 79 ne suka dawo mashigin, aka kama kimanin miliyan 60, adadin da ba a taɓa gani ba, bayan fiye da shekara ɗari ana su na kasuwanci a wurin.

A Tekun Atilantika labarin ya bi wata hanya daban. Can salmon ɗin yana ta raguwa tun shekarun 1970, ƙasashe kuma suka bi hanyar rufewa. Da aka gano inda kifin Turai da na Kanada ke haɗuwa su yi kiwo a yammacin Greenland, sai jirage suka yi musu rubdugu, a 1971 aka kama kusan tan 2,700. Yarjejeniyar da ta kafa NASCO, ƙungiyar ƙasashe ta kare salmon ɗin arewacin Atilantika, wadda ta fara aiki a 1983, ta hana kamun salmon a akasarin tsakiyar teku, kuma kason Greenland ya sauko har zuwa tan 27 a 2022. Norway ta haramta ragar da ruwa ke ja a 1989. Kanada ta rufe sana'ar a Newfoundland a 1992, zuwa 2000 ta rufe ta a duk gaɓarta ta gabas. Ireland ta haramta ragar da ruwa ke ja a 2007, Scotland ta hana riƙe salmon da aka kama a gaɓar teku daga 2016, Ingila ta rufe ragowar irin wannan raga a arewa maso gabashinta daga farkon 2019.

Hujjar duka ɗaya ce, kuma hujja ce mai ƙarfi: waɗannan ragogi kifin da ya cakuɗe suke kamawa. Ragar da ke gaɓar Ireland tana tare kifin da ya nufi kogunan Ingila da Faransa. Ta arewa maso gabashin Ingila kuwa da yawan abin da take kamawa na kogunan Scotland ne. Ban ga yadda mai adalci zai kare wannan ba, don haka ban ce an yi kuskure da aka rufe ba.

Inda nake da ja shi ne abin da ya biyo baya. An janye raga, kifin kuwa bai dawo ba. A Scotland, abin da masu ƙugiya suka kama a 2023 shi ne mafi ƙanƙanta tun da aka fara ajiye lissafi a 1952, shekara bakwai bayan an kori masu raga daga gaɓa. A ƙarshen shekarar ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya salmon ɗin Birtaniya cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Norway, wadda ta haramta ragar tun 1989, sai da ta rufe koguna 33 a watan Yunin 2024 ana tsakiyar lokacin su, saboda kifin bai zo ba. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai ɗumamar teku da ta sa ƙananan kifin ke mutuwa kafin su girma, akwai madatsun ruwa da suka datse hanya, akwai dagwalon gonaki da na birane. Akwai kuma gonakin kiwon salmon da aka girke a cikin teku, a kan hanyar da 'ya'yan kifin daji ke bi su fita, inda ƙwarƙwatar ruwa ke hayayyafa ta addabe su, kifin kiwo kuma ya kan tsere ya gurɓata irin na daji. Norway kaɗai tana fitar da fiye da tan miliyan ɗaya na salmon ɗin kiwo a shekara. Wa zai taɓa wannan? Mai raga shi ne mafi sauƙin kamawa: ba shi da lauyoyi, ba ya kawo kuɗin shiga na biliyoyi, kuma ana ganinsa ƙuru-ƙuru a kan ruwa da gawar kifi a hannu. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya faru a Ireland ya fi tsaya mini a rai. Gwamnati ta ware yuro miliyan 25 na diyya ga masunta, da wasu miliyan 5 ga al'ummominsu, bisa sharaɗin wanda ya karɓa ya rabu da neman lasisin salmon har abada. Wasu masunta a tsibiran gundumar Donegal, irin su Arranmore, suka ƙi sa hannu. Suka ce wannan sana'a gadonsu ce, ba za su sayar da hakkin 'ya'yansu ba. Ana iya cewa taurin kai ne, tun da ko sun karɓa ko ba su karɓa ba an rufe. Amma a duba ta inda suke tsaye. Kifin da aka hana su kamawa a teku, in ya shiga kogin da aka ce yana da rara, mai ƙugiya da ya biya kuɗin shaƙatawa zai iya kama shi. A Scotland ma hakkin su a kogi dukiya ce da ake saye da sayarwa, galibi a hannun masu manyan filaye, kuma su ne suka daɗe suna matsa lamba a kawar da raga. Ko da manufar ta kare kifi ce tsakani da Allah, ɗan tsibiri abin da ya gani shi ne an karɓe daga hannunsa an miƙa wa wanda ya fi shi.

Masu kare wannan mataki za su ce mai ƙugiya yanzu yawanci sakin kifin yake yi bayan ya kama, kuma kifi ɗaya da baƙo ya zo nema yana kawo wa ƙauye kuɗin masauki da abinci fiye da wanda aka auna a sikeli. Gaskiya ne, musamman a Scotland inda ake sakin fiye da kashi 90 cikin 100. Sai dai wannan lissafin riba ne, ba lissafin kare kifi ba, kuma ya kamata a faɗe shi da sunansa. Idan rabon arziki ake sakewa, a fito a ce haka ake yi, a yi ciniki da wanda za a karɓe wa. Kada a lulluɓe shi da rigar kimiyya.

Za a kuma ce ba adalci ba ne a gwada Turai da Alaska. Mashigin Bristol ba shi da madatsar ruwa ko ɗaya a kan manyan kogunansa, mutanensa 'yan dubbai ne, Alaska ta haramta kiwon kifi a teku tun 1990, kuma masana na ganin ɗumamar tafkuna ta taimaki jan salmon ya zuwa yanzu. Na yarda. Hasali ma wannan shi ne abin da nake faɗa: dokar raga tana aiki ne inda aka bar wa kifin gidansa. Masuntan mashigin sun gane haka, shi ya sa suka haɗa kai da ƙabilun yankin suka yi shekaru suna yaƙar shirin haƙar ma'adinai na Pebble a saman kogunansu, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta taka masa birki a Janairun 2023. Mutumin da abincinsa ke cikin kogi shi ne mai gadin kogin da ba a biya. Ranar da aka sallami masu raga na ƙarshe a wata gaɓa, an rage masu ihu idan aka zo ɓata ruwan.

Kuma ko a Alaskan ba ko'ina tsarin ya yi nasara ba. Babban salmon da suke kira king yana ja da baya kusan a duk jihar. A kogin Yukon tun 2021 aka hana mutanen ƙauyuka kama shi ko don ci, a 2024 kuma Alaska da Kanada suka amince a tsagaita na shekara bakwai. Tsohuwar da ta saba shanya kifi a rumfa duk bazara yanzu sai dai a aiko mata da daskararre daga wani wuri, alhali manyan jiragen da ke jan taru don kifin pollock a tekun Bering doka ta yarda musu su kama wani adadi na irin wannan salmon bisa kuskure. Masana sun ce rabon waɗannan jirage a matsalar kaɗan ne idan aka gwada da zafin ruwa. Mai yiwuwa haka ne. Amma dokar da ta ce wa mai raga ɗaya ko guda kar ka taɓa, ta ce wa jirgin kamfani ga iyakarka ta dubbai, da wuya ta samu wanda zai bi ta da zuciya ɗaya.

Tabon da na yi alkawarin zuwa kansa shi ne na lasisi. A farkon shekarun 1970 kifi ya yi ƙaranci, jirage sun yi yawa, sai Alaska ta gyara tsarin mulkinta a 1972, ta yi dokar ƙayyade masu shiga sana'ar a 1973. Aka raba lasisi bisa daɗewar mutum a sana'ar da dogaronsa da ita. A mashigin Bristol akwai kimanin 1,860 na jirage, da kusan 1,000 na masu kafa raga a gaɓa, ba a ƙarawa. An yi tunani mai kyau a ciki: kamfani ba ya mallakar lasisi, sai mutum, kuma dole mai shi ya kasance a wurin da ake su. An so a toshe ƙofar da masu tarkunan nan na baya za su sake shigowa ta cikinta.

Sai aka bar wata ƙofa a buɗe, aka ce ana iya sayar da shi. Farashinsa ya kai kusan dala 250,000 a ƙarshen shekarun 1980. Da kifin kiwo na Norway da Chile ya cika kasuwa ya karya farashi, sai ya faɗo zuwa kusan dala 20,000 a 2002, daga baya ya sake hawa. Wa ke sayarwa a shekarar wahala? Mutumin ƙauye da bashi ya yi wa katutu, wanda ba shi da wani albashi da zai jingina da shi. Wa ke saye? Wanda banki ya sani, daga birnin Anchorage ko Seattle. A hankali kusan rabin lasisin da ke hannun mazauna yankin, waɗanda yawancinsu 'yan ƙabilun Yup'ik, Alutiiq da Dena'ina ne, ya fice daga ƙauyukansu. Yaron da kakanninsa suka yi dubban shekaru suna cin wannan kifi yau sai ya nemi ɗaruruwan dubban daloli na lasisi da jirgi kafin ya sayar da ko guda, in ba haka ba ya zama yaron jirgin baƙo. Kifi ya tsira, jama'ar bakin kogi sun yi asara, kuma hasumiyar ƙirga ba ta ganin wannan.

Ko masu lasisin ma ba su tsira ba. A 2023, shekara guda bayan kamun da ba a taɓa yin irinsa ba, kamfanonin da ke saye suka sanar da senti 50 kan kowace laba, ƙasa da rabin na 2022, bayan an riga an kai musu kifin, don a can masunci kan miƙa kayansa ne kafin ya ji farashi. Jirage suka yi jerin gwano a bakin kogin Naknek don nuna fushi. Doka ta auna tsawon jirgi da tsawon raga har zuwa ƙafa da gaba, ta yi shiru a kan wannan.

Da za a tambaye ni, cewa zan yi a keɓe wani kaso na lasisi da ba ya barin yankin, ya zama na gari, ana ba matasa aronsa suna aiki da shi, idan sun bari ya koma hannun gari. Ƙungiyar raya tattalin arzikin yankin ta daɗe tana taimaka wa mazauna da rance don su sayi lasisi, amma rance na bin farashin kasuwa ne a baya yana haki. Masu adawa za su ce tsarin mulkin Alaska ya ce kifi na kowa ne, bai yarda a fifita ɗan wani gari ba, kuma kotunan jihar sun sha tsayawa a kan haka. To ai shi wannan tsarin mulkin an taɓa gyara shi a 1972 don a rage yawan jirage, kuma jama'a ne suka kaɗa ƙuri'ar gyaran.